Zauren Kwamfuta: An ce direban firinta zai daina aiki, in sayar da tsohuwata?

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, kusan duk a kan firinta suka zo. Na tsinci huɗu. Ta farko ta cinye fiye da rabin filin, don da ita aka fi tare ni a bakin shagona na Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, har da mutanen da ba su san ina rubutu a mujalla ba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Agege. Da aka ce Windows 10 ta daina samun kulawa, yaron shagona ya sa mana Linux Mint a kwamfutoci biyu, kuma lafiya lau muke aiki. Amma ranar da yake haɗa firinta wani gargaɗi ya fito da Turanci, ya fassara mini cewa direbobin firinta sun tsufa, za su daina aiki a wata fitowar CUPS mai zuwa. Firintata HP LaserJet 1020 ce, tokumbo na saye ta, shekara tara ke nan tana ci da ni da iyalina. Yaushe ce wannan rana? In sayar da ita tun tana da daraja?
Daga wani Alhaji mai shago, Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Kada ka sayar. Yaronka ya fassara daidai, sai dai gargaɗin nan ya girmi firintoci da yawa da ke kan kanta a titin Otigba yau. Tun CUPS 2.3 ta 2019 yake fitowa, kuma har yanzu direbobin, wato manhajojin da ke haɗa kwamfuta da kowace irin firinta, suna aiki a kwamfutarka.

Bari in fara da ita CUPS ɗin, tunda ba ka taɓa ganinta ba alhali kullum tana yi maka bauta. Idan yaronka ya danna maɓallin bugawa, takardar ba firinta take zuwa kai tsaye ba. CUPS ce ke karɓarta, ta sa ta a layi, ta juya ta zuwa yaren da firintar ke ji, sannan ta miƙa. Kusan duk kwamfutar da ke ɗauke da Linux da ita take bugawa, haka ma kwamfutocin Mac. Wani Ba'amurke mai suna Michael Sweet ne ya rubuta ta, ta fito a 1999. Kamfanin Apple ya sa ta cikin Mac a 2002, a 2007 kuma ya saye ta ya ɗauki Sweet aiki. A ƙarshen 2019 Sweet ya bar Apple, aikin ya yi tsit kusan shekara guda. Da manhajar rufe ce, da a nan labari ya ƙare. Amma buɗaɗɗiya ce, wato rubutunta na asali yana fili, kowa na da izinin ɗauka ya gyara ya raba. Sai ƙungiyar OpenPrinting, wadda Till Kamppeter ke jagoranta, ta ɗauki kwafi a 2020 ta ci gaba tare da Sweet ɗin, suka saki 2.4.0 a watan Nuwamba na 2021. Wadda ke kwamfutarka 'yar wannan gidan ce.

To, lambobin nan uku da ɗigo a tsakaninsu, su nake so ka riƙe, domin su ne ke gaya maka yawan fargabar da ta kamata. Ɗauki 2.4.7. Lambar ƙarshe ta ɗinki ce: an ga ɓaraka an toshe, ba a taɓa yadda kake aiki ba. Wannan idan ta zo, karɓa ake yi ba a tambaya. Ta tsakiya idan ta motsa, daga 2.4 zuwa 2.5, an ƙara sababbin abubuwa ne amma tsofaffin suna nan. Ta farko ita ce mai rushe gini. Idan 2 ta koma 3, masu manhajar suna faɗa maka da babbar murya cewa akwai abin da ka saba da shi da ba za ka tarar ba. Kuma ba kasafai take motsi ba: 1.0 ta fito a 1999, sai 2014 aka ga 2.0. Shekara 15 a tsakani. Gargaɗin da ka gani da CUPS 3 yake.

Abin da aka tsara wa CUPS 3 shi ne ta daina hulɗa da tsofaffin direbobi da fayilolin da ake kira PPD, waɗanda kamfanin Adobe ya ƙirƙiro tun zamanin PostScript, wani tsohon yaren firinta, don bayyana abin da firinta ke iyawa, kamar girman takarda da bugu gaba da baya. Dalilin kuwa, firintocin zamani ba sa bukatar a gabatar da su, da bakinsu suke faɗin ko su wane ne. Suna jin wani yare guda mai suna IPP, kwamfuta ta tambaye su me kuke iyawa, su amsa, a wuce wurin. Wannan yaren ne ke ƙarƙashin AirPrint da Apple ta fitar a 2010, da Mopria ta wayoyin Android, da IPP Everywhere. Sunaye uku, uwa ɗaya. Akwai kuma batun tsaro. Direba manhaja ce da wani ya rubuta, kake ba ta mabuɗin ɗakinka, wasu kuma shekara goma ba wanda ya sake leƙa cikinsu.

Sai ka ce to ni da tawa ba ta jin wannan yare fa? Nan ne tsarin ya burge ni, kuma ba kowane tsari ke burge ni ba. Masu CUPS sun yi wa tsofaffin firintoci tafinta. Wata ƙaramar manhaja ce da ke zama a kwamfutarka, ta rungumi tsohon direban a cikinta, ta fito wa CUPS a matsayin firintar zamani. CUPS ta yi mata magana da IPP, ita kuma ta juya ta gaya wa tsohuwarka da yaren da ta sani. Kamar dai ka je Mile 12 da baƙo daga Illela wanda ba ya jin Yarabanci, ka tsaya a tsakaninsa da mai saye. Sweet ya rubuta ginshiƙin wannan aiki, ya sa masa suna PAPPL, kuma OpenPrinting ta riga ta fitar da tafintoci huɗu manya: na firintocin PostScript, na Ghostscript, na Gutenprint da ke kula da firintocin tawada irin su Epson da Canon, da na HPLIP wanda ya ƙunshi firintocin HP. Taka a gidan na ƙarshen take.

Yanzu batun yaushe. Alhaji, ka san bambancin jirgin ƙasan Ibadan da motar Kano. Jirgin da ke tasowa daga Ebute Metta ya biyo ta Agege yana da lokacinsa, wanda ya makara sai ya jira na gaba. Motar Kano kuwa ba ruwanta da agogo, sai ta cika take tashi. Manhajoji ma haka suka kasu. Ubuntu, wadda Linux Mint ke ginuwa a kanta, jirgi ce: duk Afrilu da Oktoba take fita, shi ya sa lambarta shekara ce da wata, 24.04 na nufin Afrilun 2024. Kafin ranar, ana rufe ƙofa, duk abin da bai kammala ba ya bi na gaba. CUPS kuwa motar Kano ce. Ana fitar da sigar gwaji, masu ƙarfin hali su gwada su kawo ƙorafi, a gyara, a fitar da wadda ake sa ran ita ce ta ƙarshe, in ba a ji kuka ba sannan a sake ta. An sha ambata lokacin da ake fatan ta uku za ta iso, an kuma sha ɗagawa. Ko Ubuntu ta so ta koma sabon tsarin bugun nan a fitowarta ta 23.10, da aka ga sauran sassan ba su shirya ba, musamman akwatin da ke buɗewa idan ka danna bugawa, sai aka fasa aka jinkirta. Wasu na yi wa wannan dariya. Ni ban ga abin dariya ba. Mutane ƙalilan ne ke riƙe da aikin da miliyoyin kwamfutoci suka dogara da shi, gara su makara da su kawo mana abin da zai tsayar da shago ranar Litinin.

Abin da ya fi shafarka ma shi ne, ko da safiyar gobe aka saki ta uku, ba za ta faɗo cikin kwamfutarka ba. Duk shekara biyu Ubuntu na fitar da siga mai dogon zango, wadda ake kula da ita shekara 5, kuma ba a canza mata babbar lamba a tsakiyar tafiya. Ubuntu 22.04 da CUPS 2.4.1 ta zo, 24.04 ta zo da 2.4.7. Linux Mint 22 a kan 24.04 aka gina ta, ana kula da ita har 2029. In ita yaronka ya sa maka, kana da shekaru a gaba, kuma kai ne za ka zaɓi ranar ƙaura. In kana son ganin lambar taka, ya buɗe burauza ya rubuta localhost:631, za ta bayyana.

Ranar ƙaurar ce nake jan kunne a kai, domin ni kaina na taɓa ƙonewa. Wata Alhamis da daddare, ina da katin ɗaurin aure ɗari uku da za a karɓa bayan Juma'a, zumuɗi ya ɗebe ni na ɗaga kwamfutar shagona gaba ɗaya zuwa sabuwar siga. Firintar launi da nake da ita a lokacin, direbanta na rufe ne daga kamfanin da ya ƙera ta, an gina shi don tsofaffin kwamfutoci. Da safe ta ƙi ko tari. Na ɗauki aikin a filashi na shiga motar Shomolu, na biya wani ya buga mini, ribar ta tafi a kuɗin mota da kuɗin bugu, ga kunyar uban ango. Laifin ba na kowa ba ne sai nawa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar, ba na ɗaga kwamfutar aiki sai na fara tayar da sabuwar sigar daga filashi ba tare da na girka ta ba, na buga shafin gwaji na gani da idona. Kai da kake da kwamfuta biyu ka fi ni gata: ka ɗaga ɗaya, ka bar ɗaya mako biyu. Kada kuma ka yi shi lokacin rajistar JAMB.

Wani abu game da 1020 ɗinka, tunda mun zo wurin. Haka aka ƙera ta cewa duk lokacin da aka kunna ta sai kwamfuta ta tura mata wata 'yar manhajar cikinta kafin ta fara bugu, ba ta ajiye ta idan wuta ta ɗauke. Saboda haka in NEPA ta ɗauke ka tayar da janareto ka ga ta yi shiru, ba CUPS ba ce ta tsufa. Ka tabbata kwamfutar ta gama tashi, ka kashe firintar ka sake kunnawa, ka saurari ƙugin da take yi karo na biyu.

Ranar da Allah ya hore maka kuɗin ƙarin firinta kuwa, ga gwajin da nake yi a gaban mai sayarwa. In haɗa ta da wayata a kan wayifai ɗaya, in ga ko wayar za ta gan ta ta buga ba tare da na sauke komai ba. In ta buga, ta iya sabon yaren, ba ruwanta da direba. Kuma kada wani ya ce maka komawa Windows ce mafita. Microsoft ma ta sanar a Satumbar 2023 cewa sannu a hankali za ta daina raba direbobin kamfanonin firinta ta hanyar sabuntawarta, ita ma IPP ɗin ta nufa.

Tambaya: Malam, ni ma'ajin wata makarantar Islamiyya ce a Idi Araba. Data tana mana tsada, shi ya sa na kashe sabuntawa a kwamfutar ofis tun bara. Tana buga rasit da jarrabawa lafiya. Tunda kai ma kana cewa kada a yi gaggawar bin sabo, ai ban yi laifi ba ko?
Daga wata Malama, Idi Araba.

Amsa: Malama, Allah ya saka da alheri kan hidimar yara, amma a nan kin ɗan karkace. Abin da na ce a yi wa sannu shi ne ƙaura zuwa sabon gida. Toshe ɓarakar gidan da kike ciki ba ya jira. A ƙarshen Satumbar 2024 wani mai binciken tsaro ɗan Italiya, Simone Margaritelli, ya bayyana wasu kafofi a sassan da ke aiki tare da CUPS, musamman cups-browsed, wanda aikinsa shi ne sauraron firintocin da ke kusa ya shigar da su da kansa. Ta wannan kafa mugu zai iya cusa miki firintar ƙarya daga nesa, ranar da wani ya tura mata aiki sai umarnin mugun ya gudana a kwamfutarki. Masu haɗa Linux irin su Ubuntu da Debian da Red Hat sun fitar da gyara cikin kwanaki. Wanda ya kashe sabuntawa kafin lokacin, har yau ƙofarsa a buɗe take, kuma irin wannan ɗinkin bai tsaya a 2024 ba.

Kada ki ruɗe in kin sabunta kika ga lambar CUPS ba ta motsa ba. Masu haɗa Linux kan ɗauko gyaran kawai su liƙa wa tsohuwar sigar, sai su ƙara wata doguwar jela a bayan lambar. Gyaran CUPS kansa ba ya cin data sosai, burauza da ofis ne masu ci. Ki buɗe manajan sabuntawa, ki zaɓi na tsaro, ki yi da daddare lokacin da kamfanonin waya ke sassauta farashi.

Tambaya: Yaya, duk lokacin da na kai rubutuna na Hausa a buga mini, ƙ da ɗ da ɓ sai su fito kamar akwati. Sabuwar CUPS za ta gyara wannan?
Daga wani ƙaninka, Obalende.

Amsa: Ƙanena, ba za ta gyara ba, don ba ita ta ɓata ba. Salon harafin da ka yi rubutu da shi ne babu a kwamfutar mai shagon, wanda ta musanya da shi kuma ba shi da haruffa masu lanƙwasa. Ka mayar da aikin PDF tun a kwamfutarka kafin ka fita, haruffan za su tafi a cikinsa. Salon Noto da DejaVu duk suna da su, kuma kyauta ne. Mai rubutun ajami ma haka zai yi.

Tambaya: Malam, ina karatun kimiyyar kwamfuta a Yaba. Wa ke yanke shawarar abin da zai shiga sabuwar siga? Mu da ke Najeriya muna da ta cewa, ko sai dai a dafa a miƙo mana?
Daga wata ɗaliba, Yaba.

Amsa: 'Yata, tambayarki ta sa ni murmushi, domin tarihin buɗaɗɗiyar manhaja kansa da rigimar firinta ya faro. Wajen 1980 Richard Stallman yana aiki a jami'ar MIT ta Amurka, aka kawo musu sabuwar firintar Xerox mai yawan cije takarda. Ya so ya gyara manhajarta don ta riƙa sanar da mutane in ta cije, aka hana shi rubutun asali. Haushin wannan na cikin abin da ya kai shi ga kafa aikin GNU, na gina manhajojin da kowa ke da 'yancin gyarawa, a 1983.

Game da yanke shawara, ba ƙuri'a ake jefawa ba. Masu riƙe da aikin ne ke da maganar ƙarshe, kuma kowane jerin fitowa yana da mai kula da shi. Na 2.4, alal misali, Zdenek Dohnal ne na kamfanin Red Hat, shi ke tattara gyare-gyare ya ce yau za a saki. Ƙa'idojin yaren IPP kuma wata majalisa ce ta kamfanonin firinta da na manhaja, PWG, ke tsara su. Sai dai komai a fili ake yinsa a GitHub, shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji: abin da aka tsara wa kowace siga, da abin da aka ɗage, da dalilin ɗagewar. Wanda ya kawo aiki mai kyau ana sauraronsa, ba a tambayarsa fasfo.

Inda nake ganin muna da abin da wasu ba su da shi, shi ne tarin tsofaffin na'urori. Firintar da Bature ya jefar shekara goma sha biyar da suka wuce, tana nan Alaba da Ikeja an yi mata cikon garin tawada tana neman kuɗi. Masu rubuta tafintocin nan ba su da kowace firinta a gabansu, kuma a lokacin sigar gwaji ne ƙorafi ke da tasiri. Bayan an saki siga, sai ki jira ta gaba. To ki samo tsohuwar kwamfuta da ba a aiki da ita, ki sa mata tafintan, ki gwada da duk firintar da kika samu aro. In ta ƙi, ki rubuta musu sunan firintar da lambarta, da sigar da kika gwada, da abin da kika yi mataki-mataki, ki haɗa da fayil ɗin da CUPS ke rubuta kurakuranta a ciki. Cewa "ba ta aiki" kawai ba ya kai kowa ko'ina, mu ma masu gyara shi ne ke tayar mana da hawan jini.

In kuma hannunki ya faɗa a yaren C, wanda da shi aka rubuta CUPS, OpenPrinting na shiga shirin Google Summer of Code duk shekara, inda ake biyan masu koyo su yi aikin 'yan watanni ƙarƙashin ƙwararru. Ɗaliban Indiya sun daɗe suna cika wurin. Ana buɗe neman shiga wajen Maris, amma waɗanda ake ɗauka galibi sun fara aika ƙananan gyare-gyare tun watanni kafin nan. Ina da firintoci guda shida a bayan shago da masu su suka bari ba su dawo ba. Ki biyo ta ofishin mujalla a haɗa mu, ki zo wata Asabar da kwamfutarki, ki taho da wayar USB ɗinki don tawa duk sun ɓace.